Murmushin Gefen Baki a Tafkin Gawo

Shirwa ce ta fara kai labari. Matan Tungar Baiwa sun sauka ɗibar ruwa da hantsi, suka hango ta tana shawagi ƙasa-ƙasa, ita da 'yan'uwanta. Da suka ƙarasa sai suka iske Tafkin Gawo ya yi fari fat. Kifi ya juyo ciki sama tun daga gaɓa har tsakiya, tarwaɗa da ƙurungu da gargaza, har da giwan ruwa wanda jaki zai yi nishi kafin ya kai shi gida.

Tafkin nan kuwa ba na wasa ba ne. Tun da ambaliyar Rima ta janye, Sarkin Ruwa Hodi ya kafa sanda a bakinsa ya ɗaura mata jan ƙyalle. An rufe su ke nan, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da ya buɗe, gari ya shiga gaba ɗaya. Da kifin nan ake yin aure, a yi suna, a sayi takin rani. Ga shi nan yana kumbura a rana.

Kafin azahar hoton ya shiga kowace waya. Masuntan tungar suna da zaurensu na Watsaf, inda ake sanar da rasuwa da haihuwa da ranar su, har fataken kifi na Argungu da Birnin Kebbi suna ciki. Wannan ya aiko salati, wancan ya aiko fuska mai hawaye, masu baki suka yi ta zuba saƙon murya. Ana cikin haka sai ga Tamba, masunci ɗan masunci, ya jefo 'yar fuskar nan rawaya mai murmushi da gefen baki guda, ido a karkace. Ita kaɗai. Ko wasali bai ƙara ba.

Nan take gari ya sami mai laifinsa. Kowa ya tuna Tamba ne ya tsaya gaban Sarkin Ruwa kwanan baya yana cewa a buɗe tafki, ruwa na ja da baya. Da aka ƙi, ya kaɗe rigarsa ya ce, “To a bar shi, kifin shi tsufa shi yi gemu.” Ga baƙar magana jiya, ga murmushi yau. Me kuma ake jira?

Aka kira shi, aka tambaye shi me fuskar ke nufi. Ya ce, “Abin da kunka gani.” Sarkin Ruwa ya yanke: ranar Jumma'a in an sauko daga masallaci za a fasa goran su na Tamba, a ƙone homarsa ta kamun kifi a gaban jama'a. Masuncin da aka yi wa haka ba ya sake taka ruwan Kabi da sunan su, shi da ruwa sai alwala.

*

Tsohuwar Tamba, Laure, ba ta tsaya kuka ba. Ta ɗaura gyale ta hau bayan a-kori-kura zuwa Argungu, ta nemi gidan Riskuwa mai bin sawu.

Wanda bai san Riskuwa ba baƙo ne a ƙasar nan. Kada ya taɓa kama shi a ƙwauri, ya ci rabonsa, ya bar masa saura, kuma da sauran nan ya fi masu ƙafa biyu lafiyayyu tafiya. Ɓarayin shanu sun harbe shi a kafaɗa, ya bi su da jinin a jikinsa har inda suka yada zango. Shekarar amai da gudawa an fitar da mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, shi ya yi musu sutura, ya dawo ya ci tuwo. Bai taɓa zama a benci gaban malamin boko ba, kuma ba ya ɓoyewa. Cewa yake takarda ɗan'adam ke rubuta ta, don haka tana ƙarya, ƙasa kuwa ba ta iya ba.

Laure ta same shi yana gyaran igiyar akuya. Ta gaishe shi, ta zayyana masa komai.

“Ɗanki yay yi?” in ji shi.

“Da shi na, Malam Riskuwa, da ban ɓata kuɗin mota ba.”

“Kowace uwa haka taka cewa. To mi yas sa shi murmushi ranar makoki?”

“Taurin kai. Na ubanai na.”

Riskuwa ya miƙe, ya ɗauki sandarsa. “Ni na bi sawun kunama bisa dutse. Na bi na ɓarawon da yas sa takalmi baibai, na iske shi yana cin fura. Sawun da ba a taka da ƙahwa ba dai ban taɓa bi ba. Mu tahi, kada in mutu ban gwada ba.”

*

Abin da ya tarar a bakin tafki ya isa ya sa wani ya koma gida. Gari duka ya sauka kwasar mushe don a binne, manya da yara da jakuna, an tattake gaɓar ta koma kamar wurin sussuka. Sawun da ya rage babu.

Ya tsuguna, ya juya wani mataccen kwaɗo da bakin sanda, ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya shinshina, ya zubar. Sannan ya je ya gaida Sarkin Ruwa a gindin gawon.

“Ranka shi daɗe, kifi nawa anka ɗiba kahin mata su iso?”

“Mu dai ba mu ga alamar an ɗiba ba.”

“Mai sa wa ruwa guba, kifi yaka so. Wanga ya kashe ya bari?”

“Ƙeta ta, Riskuwa. Mai ƙeta ba ruwanai da riba.”

“A gwada mani fuskar.”

Sarkin Ruwa ya laluba wayarsa, ya buɗe, ya buɗa fuskar da yatsu biyu har ta cika gilashin. Riskuwa ya karɓa, ya nisanta ta da ido, ya kusanto. Ya karkata kai kamar yadda ta karkata.

“Wagga ba gabanta taka kallo ba. Wa taka harara?”

“Mu duka,” in ji Sarkin Ruwa, ya karɓe wayarsa.

Mai gadin tafkin yana tsaye a gefe, Maliki, dogo mai faɗin kafaɗa, wanda ya haɗa su da noman shinkafar rani kamar yawancin mutanen fadama. Tun da aka rufe tafkin yake cika baki cewa ko kwaɗo ba ya shiga ruwan nan sai da izninsa. Riskuwa ya yafuto shi.

“Kai ka gadi. Wa kag gani?”

“Ba kowa, Baba. Na ma hwaɗi cikin waya kowa ya ji.”

“Tamba hwa?”

Maliki ya sunkuyar da kai. “Ban gane shi ba.”

“To wa kaka zato?”

Maliki ya ce an ce wata Adawiyya, mai sayar da banda a Nasarawa ta Birnin Kebbi, ta cika rumfarta da kifi a 'yan kwanakin nan, alhali ko'ina su a rufe yake. Kuma Tamba ne ke kai mata kaya. Mutanen da ke kusa suka ɗauki zancen da gudu. Ashe an ɗiba! Ashe da abokiyar ciniki!

*

Tamba yana zaune a zaurensa yana ɗinkin homa, homar da aka ce jibi wuta za ta ci. Gajere ne, baƙi, idonsa kamar kullum yana shirin dariya.

“Sannu da aikin banza,” in ji Riskuwa.

“Yawwa Baba. In za a ƙone ta, a ƙone ta da kyawonta.”

“Kai kas sa guba?”

“A'a.”

“Ka san wanda yas sa?”

Tamba ya ja zare da haƙori ya tsinke. “Baba, an ce kai ko iska ta wuce kana sanin inda tat tahi. Mi kaka yi da bakina?”

“Gaskiya anka hwaɗa maka. Amma kai, ɗan nema, mutane na kuka ka aika masu murmushi?”

“Ban aika wa mutane ba.”

Ya faɗi haka, ya kama bakinsa kamar wanda garwashi ya faɗa wa a cinya. Duk yadda Riskuwa ya juya shi bai ƙara ba. Tsohon ya tashi yana ɗingishi, ransa fari. Dabba in ta yi tsalle guda ba shiri, ta riga ta nuna inda raminta yake.

*

Washegari ya shiga motar Birnin Kebbi. Bai yarda da zancen bandar ba, amma sawun ƙarya ma ana bin sa har ƙarshe, don a san wanda ya shimfiɗa shi.

Adawiyya mace ce mai jiki da murya, tana zaune tsakanin kwanduna tana kore ƙuda da mafici. Da ta ji abin da ya kawo shi sai ta yi dariya har mayafinta ya zame.

“Ni? Kifin guba? Baba, ɗauki ka karya.”

Ya ɗauki tarwaɗa guda ya karya. Ta bushe ƙamas har ƙashi, ta sha hayaƙi ta ƙoshi. Wannan ta daɗe da barin ruwa tun Tafkin Gawo na lafiya lau.

“Daga Yawuri anka kawo man,” in ji ta. “Wa yat turo ka wurina?”

“Wani dogo. Ɗiyata, kina cikin zauren nan nasu na waya?”

“Ina ciki. Na ga abin da Tamba yay yi, na ce wanga yaro ya jawo wa kainai.”

“To ki hwaɗa man. Ku da kuka aiki da fuskokin ga, wagga mai karkataccen baki, mi taka cewa?”

Ta ajiye mafici. “Ai ba magana guda gare ta ba. In mai saye ya ce kifina ya yi tsada, ya tahi ya zagaya kasuwa ya dawo, ita nika aika mai. In maigidana ya ce yana wurin aiki, ni ko an gane shi wurin mai shayi, ita nika aika mai. 'Yan mata na aika wa samari ita, wannan kuma nasu na, ba ruwan tsoho.”

“Ruwan tsoho ya daɗe da ƙahewa. Ci gaba.”

“Abin dai guda na, Baba. Ba a aika wa baƙo ita. Ba a aika wa taro. Sai wanda kunka san juna ciki da bai. Kamar ka ce mai, na san ka, ka san na san ka, sauran kuma ya rage naka.”

Riskuwa ya gyara zama a kan buhu. “Buɗe man. Kada ki ƙara mata girma, bar ta inda take. So nike in ga inda tat taka.”

Ta buɗe, ta ja saƙonni da yatsa har ta iso. Fuskar tana nan, amma ba a ƙarƙashin hoton kifin take ba. A samanta, manne da ita, akwai wani ɗan layi mai alamar murya.

“Wanga hwa?”

“Amsa ta. Ya ɗauko maganar wani ya amsa mata.” Ta danna. Murya ta fito, mai kauri, tana rawa kaɗan: jama'a ku yi haƙuri, shi dai yana bakin aikinsa, wallahi ba wanda ya kusanci ruwan nan.

Muryar Maliki ce.

Gari guda ya kalli fuskar nan, kowa ya auna bakinta da idonta, ba wanda ya dubi abin da ta taka. Haka mutane suke. Su ga sawu su ce na kura ne, ba su tambayi ina ya dosa ba.

*

Da ya koma tunga ya fara biyawa wurin Laure, tana tankaɗe.

“Mi ke tsakanin ɗanki da Maliki?”

“Maliki? Ɗan wana na, ciki guda da ubanai muke. Taubasai na. Tun suna tsirara suka cin naman juna. Wanga shi ce bawana, wancan shi ce bawana. Ranar auren Maliki, Tamba ya sace mai takalmi, da ƙahwa yat tahi ɗaurin aure.” Ta dakata da rariya a hannu. “Don mi?”

“Ba don komi ba. Yi tankaɗenki.”

Ya sauka fadama shi kaɗai. Bai nufi gaɓar da aka tattake ba, ya zagaya ta bayan tafkin inda mutum ba ya bi sai mai gona. Ranar da ya fara zuwa ya bi ta nan, bai ga komai ba sai kore. Amma hancinsa ya gaya masa tun a lokacin cewa warin ruwan ba na gubar masunta ba ne, kuma ya san akwai sawun da ba ya fitowa sai rana ta gasa shi. Ya tsaya, ya dogara da sanda, ya dubi kirikirin da ke shimfiɗe a kan hanya.

Sawun ya nuna.

*

Ranar Jumma'a aka sauko daga masallaci aka zarce gindin gawo. An kawo goran Tamba, babba mai sheƙi saboda shekarun da ya yi yana ɗaukar ƙirjinsa a kan ruwa. An kawo homar, an tara kara. Sauran masunta ma kowa ya zo da goransa, don haka al'adar take, a ga abin da ake gudu. Tamba ya tsaya hannu a baya. Maliki yana can ƙarshen taro, ya rungume nasa goran kamar mai jin sanyi.

Riskuwa ya ɗaga sanda. “Ranka shi daɗe, a ba ni aron jama'ar ga kaɗan. Wutar ba ta gudu.”

“Ka samo wani abu?”

“Ni Riskuwa a tambaye ni haka? Ku biyo ni. Wanda yat taka gabana, na hwasa mai ƙwauri shi zama ɗan'uwana.”

Suka bi shi a jere har bayan tafki. Ya nuna ƙasa. A cikin koren kirikiri ga wani ɗigo ya ƙone, ja kamar an ɗiga wuta. Gaba kaɗan ga wani. Ga wani. Sun jeru tun daga bakin ruwa sun haura kan kunya, duk a hannun hagu na hanya.

“Gubar masunta ba ta ƙone haki,” in ji shi. “Wanga maganin feshi na, na haki da na ƙwari an gama su wuri guda, yadda kuka yi don kada ku zagaya gona sau biyu. Wani ya zo nan ya cika famfon feshi, don ruwan ga ya hi kusa. Ya goya, ya tahi, bakin famfon na ɗiga. Ranar ba a ganin komi. Sai da rana ta yi aikinta. Ni ban san gonar kowa ba cikinku. Mu bi, ƙasa ta hwaɗa muna.”

Suka bi. Ɗigon ya wuce gonar farko bai waiwaya ba, ya wuce ta biyu, ya karya kwana wurin wata tsohuwar rijiya. Tun kafin a kai, masu gonakin da aka wuce suka fara waiwayen baya. Inda ɗigon ya shiga ya ɓace, haki duk ya ƙone a kan kunyoyi, shinkafa ta tsaya tsaf. Ba wanda ya tambayi gonar wa ce.

Maliki ya durƙusa tun ba a kira shi ba.

“Kwalbar maganin ta kuɓuce man,” ya ce, muryarsa can ƙasa. “Ina zubawa tak kihe cikin ruwa, duka. Na ce ruwa na da yawa, shi shanye. Da gari yaw waye nig ga abin da nig gani, sai bakina yam mutu. Ni da anka ba amana.”

“Da anka ce za a hwasa goran ɗan'uwanka hwa?” in ji Sarkin Ruwa. “Nan ma bakin bai tashi ba? Sai ma ka tura mutane Birnin Kebbi wurin baiwar Allah?”



Sarkin Ruwa ya juya ga Tamba. “Kai kuma ka sani?”

“Na gamu da shi da marece ya hauro, wando jiƙe, famfo bisa baya. Da nij ji shi cikin waya yana rantsuwa, sai na aika mai. Na ce shi gane na sani, shi fito da kainai.”

“Ba ka iya buɗa baki ka hwaɗa muna?”

“Ranka shi daɗe, in tona ɗan kawuna gaban gari? In yi mai dariya dai, wannan hakkina na. Tonon, nashi na.”

Laure tana cikin mata, ta ja gyale ta rufe fuska. Ita ta je har Argungu ta ɗauko wanda zai wanke ɗanta, ga shi ya wanke shi da ɗan wanta.

Aka koma gindin gawo. Sarkin Ruwa ya ce a mayar wa Tamba kayansa. Sannan ya ce a kawo goran Maliki. Aka ajiye shi a tsakiyar fili, wani ƙato ya ɗauko taɓarya.

Tamba ya ratsa taro, ya sunkuya, ya ɗauke goran ya saɓa a kafaɗa.

“Kai, mi kaka yi?” in ji Sarkin Ruwa.

“Kayana nika ɗauka, ranka shi daɗe. Wanga dogon bawana na, kowa nan ya sani. Yaushe bawa yay yi gora? Shi da goran duk nawa na. In ko nawa za a hwasa, yanzun ga kac ce ba ni da laihi.”

Wani tsoho ya fara dariya, ya mayar da ita tari. Sarkin Ruwa ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa. Abin da taubashi ya ƙwace, ko alƙali ba ya karɓa, haka aka tarar. Ya dubi Riskuwa.

“Kada ka dube ni, Sarki. Ni sawu nika bi, na kuwa kawo ku. Shari'a taku ta.”

Sarkin Ruwa ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce an tuɓe Maliki daga gadi. Shinkafar gonar nan in ta nuna, ta gari ce, a raba wa gidajen da suka sa rai da kifi. Ba zai shiga su ba sai ruwa ya sake cika tafkin ya wanke shi. Goran kuwa, tunda mai shi ya bayyana, ya tafi da abinsa.

“Amma Tamba, tunda bawanka na, kai ka ciyar da shi har damina. Shi da iyalinai.”

Bakin Tamba ya buɗe. Ya dubi tsawon Maliki tun daga ƙafa har kai, ya tuna yadda yake cin tuwo.

“Ranka shi daɗe, ba a iya hwasa goran dai?”

“An wuce nan.”

Tamba ya gyara goruna biyu a kafaɗa, ya taɓa Maliki da ƙafa. “To tashi, ɗauko homar. Ka ci amanar gari, yanzu kuma ka zo ka ci gidana.”

Maliki ya tashi, ya ɗauki homar, ya bi bayansa.